Kotu, Asibiti Da Mai Taɓin Hankali: Tambayoyin Da Iyalai Ke Yawan Yi A Zariya

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin iyaye, mata da 'yan'uwan masu lalurar ƙwaƙwalwa, musamman idan majinyacin ya kafe cewa lafiyarsa ƙalau. An jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi. Bayani ne na wayar da kai, ba zai maye gurbin likitan da ya duba majinyacinku ko lauyan da ya karanta takardunku ba.

1. Ɗan'uwanmu ya samu taɓin hankali kuma ya ƙi zuwa asibiti. Sai mun je kotu kafin a duba shi?

A'a. Ƙofar farko asibiti ce. Da yawa suna ɓata makonni suna zirga-zirga tsakanin caji ofis da kotu, alhali alƙalin da suke son gani, abin da zai fara tambaya shi ne rahoton likita. Alƙali ba ya gano ciwo, ba ya rubuta magani. Aikinsa ya auna hujja, kuma hujjar da ta fi nauyi a irin wannan magana daga hannun likitan ƙwaƙwalwa take fitowa.

Ko majinyacin ya ƙi binku, ɗaya daga cikinku zai iya zuwa ya ga likita ko ma'aikacin walwala na asibitin, ya kwashe labari ya faɗa, a ba shi shawarar yadda za a kawo shi. Akasarin iyalai a nan maganarsu take ƙarewa, ba su taɓa taka harabar kotu ba. Wuraren da kotu ta zama dole suna tambaya ta 6.

2. Wace doka ce ke magana a kan wannan?

Tushen yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 35 ya ba kowa 'yancin walwala, ya kuma lissafa 'yan dalilan da za su sa a tauye shi. Daga ciki akwai mai taɓin hankali da wanda ƙwaya ko giya ta kama, amma da sharaɗi: don a kula da shi, a yi masa magani, ko a kare jama'a, kuma ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, bai ware mara lafiya ba.

Shekaru da yawa ana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta dokar Turawan mulki ce ta 1916. A ƙarƙashinta likita da majistare ke haɗuwa su yanke cewa a tsare mutum, kuma damuwarta kawar da shi daga idon jama'a ce fiye da warkar da shi. Daga can aka gaji tunanin cewa sai da takardar majistare. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar ta fifita a yi magani da yardar mutum, ta hana ɗaure shi da sarƙa, ta kuma tanadi kwamitin da zai riƙa duba ƙorafin waɗanda aka kwantar ba da son ransu ba. Tunda harkar lafiya jihohi ma suna da ta cewa, lauyanku zai haɗa dokar tarayya da ta Jihar Kaduna ya duba.

3. Wane hali ne ya kai a kwantar da mutum ba da yardarsa ba?

Ba kowane baƙon hali ba ne. Mutum ya cika surutu, ya daina zuwa kasuwa, ya bijire wa iyayensa, ko ya ɗauki wata aƙida da gida ba a so, duk wannan bai isa a ƙwace masa 'yanci ba. Abin da likitoci ke nema shi ne a samu ciwo tabbatacce, sannan ciwon ya kai ga haɗari: zai iya cutar da kansa ko wani, ko kuwa idan aka ƙyale shi zai lalace matuƙa, kamar wanda ya yi kwanaki ba ci ba sha saboda ya yi imani an sa masa guba.

Kwantarwar ma ta ƙayyadadden lokaci ce, ana sake dubawa. Babu wata takarda, ta asibiti ko ta kotu, da ke ba iyali damar ajiye mutum su juya baya.

4. Yanzu haka ya ɗauki makami yana barazana. Me za mu yi kafin gari ya waye?

Wannan ba lokacin neman lauya ba ne. A fara janye yara da tsofaffi daga sashen. A kwashe wuƙaƙe, adda, taɓarya, igiya, fetur, fiya-fiya da shinkafar ɓera. A kori 'yan kallo, domin taron samari a ƙofar gida da wayoyi a sama yana ƙara tunzura shi, kuma bidiyon zai bi shi har bayan ya warke. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda ya fi jin nauyinsa, da murya ƙasa-ƙasa, yana kiran sunansa. Kada a yi masa gardama a kan abin da yake ji ko gani. In ya ce ana binsa, ba sai an ce ƙarya ne ba, a ce masa, "Na ga hankalinka a tashe yake, zo mu je a ba ka abin da zai sa ka samu barci."

A ɗauke shi a mota, kada a kuskura a hau babur. Ya zauna a kujerar baya tsakanin mutum biyu, a kulle ƙofofi, a nufi sashen gaggawa. Idan ya fi ƙarfinku, a kira 112 ko a je wurin DPO tare da mai unguwa, a faɗa masa ƙarara cewa mara lafiya ne, rakiya zuwa asibiti ake nema. Ku bi su ƙafa da ƙafa har asibitin. Wanda ya yi yunƙurin halaka kansa kuwa asibiti kai tsaye, saboda dokar Final Kot ta Arewa, wato kundin hukunta laifuka, ta ɗauki yunƙurin a matsayin laifi, shigar da maganar caji ofis kan iya jawo masa tuhuma maimakon magani.

Akwai abin da bai kamata a manta ba. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga ko bayan buguwa a ka, tana iya zama sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, taifot ko faɗuwar suga. Waɗannan suna iya kisa cikin gaggawa, kuma duk asibitin da ya fi kusa shi ne daidai.

5. Wane asibiti za mu nufa daga Zariya?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, shi ne mafi kusa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar kamar kilomita 80, wanda aikinsa ke nan kacokan. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan zai iya ba da taimakon farko ya rubuta takardar turawa. Ku je da haƙuri, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, layi yakan yi tsawo. A tafi da wanda ya fi sanin majinyacin, ba wanda ya fi baki ba.

6. To yaushe kotu take zama dole?

Idan ana buƙatar wani ya riƙe dukiyar majinyacin ko albashinsa bisa doka (tambaya ta 11). Idan an riga an kama shi da laifi (tambaya ta 10). Idan wani ya tsare shi a gida ko a wata cibiya ya hana a kai shi asibiti. Idan dangi sun rabu biyu, wasu na cewa asibiti wasu na cewa ƙauye, kuma an rasa mai raba gardama yayin da jikin ke ƙara tsanani. Sai kuma batun aure (tambaya ta 12). A duk waɗannan, kotu tana shigowa ne don ta kare mara lafiyar, har daga danginsa in ta kama.

7. Wace kotu ce ta dace?

Ya danganta da abin da ake nema. Maganar 'yancin mutum, wato a fito da wanda aka tsare ko a ba da umarnin kai shi asibiti, ta Babbar Kotu ce, bisa sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009. Babbar Kotun Jiha tana zama a Zariya, a Dogarawa, ba sai an tafi Kaduna ba. Kotun majistare, irin ta Ƙofar Fada ko ta Cediya, tana shigowa galibi idan akwai tuhumar laifi.

Ga Musulmi, maganar waliyyi, ciyarwa, gado da aure ta kotun shari'ar Musulunci ce. Sashe na 277 ya ambaci wannan da suna a cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a: al'amuran yaro, almubazzari da mai taɓin hankali, da riƙon Musulmin da jikinsa ko hankalinsa ya gaza. Ana farawa daga kotun ƙasa, a ɗaukaka in ba a gamsu ba. Iyalan da ba Musulmi ba Babbar Kotu za su nufa da batun dukiya.

8. Wa zai shigar da buƙatar, kuma da me zai je?

Makusanci: uba, uwa, miji, mata, ɗa baligi ko ɗan'uwa shaƙiƙi. Ya fi kyau dangi su zauna su fitar da mutum ɗaya, wanda ba shi da wata rigimar gado ko bashi da majinyacin, domin alƙali zai tambayi inda maslaharsa take. A Babbar Kotu lauya zai shirya takardar buƙata da takardar rantsuwa. A kotun shari'a ana iya zuwa wurin rajistara a shigar da magana, a zo da shaidu.

Abin da ke ɗaga buƙata ko ya kayar da ita shi ne hujja. Rahoton likita na kusa-kusa, mai sa hannu da hatimi. Katin asibiti da takardun magani, har kwalayen da suka ƙare. Shaidar dangantaka. Sannan wani abu da mutane ke rainawa: ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a riƙa rubuta rana da abin da ya faru. "Talata, bai runtsa ba, ya kwana yana zagaya tsakar gida. Alhamis, ya zubar da tuwo ya ce an barbaɗa masa magani. Asabar, an tsinto shi a tashar Kwangila babu takalmi." Shafi biyu na irin wannan sun fi awa guda ana cewa "wallahi ya haukace". Likita ma zai ji daɗinsa.

Ku sani majinyacin yana da damar a ji ta bakinsa, kuma yana da damar lauya. Kada ranku ya ɓaci in alƙali ya nemi ganinsa ko ya sa wani likita ya sake dubawa. Wannan matakin ne ke hana a zalunci mai lafiya (tambaya ta 14).

9. Ba mu da kuɗin lauya. Akwai mafita?

Akwai. Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Kaduna, aikinta tsaya wa marasa ƙarfi. Tsangayar Shari'a ta ABU da ke Kongo tana da cibiyar ba da shawarar shari'a kyauta. Reshen Zariya na Ƙungiyar Lauyoyi, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA idan maganar ta shafi mace ko yaro, su ma ana tuntuɓarsu. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit.

10. An ba mu shawara mu kai ƙararsa da laifin sata ko duka don a kulle shi mu huta. Ya halatta? Idan kuma an riga an kama shi fa?

Kada ku yi. Na san gajiyar da ke kai iyali ga wannan tunani: watanni babu barci, maƙwabta na ƙorafi, an fasa gilashin motar wani an biya. Amma gidan gyaran hali ba asibiti ba ne. Wanda ya shiga da ciwo yakan fito da wanda ya fi shi, in ma ya fito da wuri, domin fayil ɗin wanda ba ya iya kare kansa shi ne ya fi saurin kwantawa. Ranar da kuka huce kuka ce a sake shi, maganar ta bar hannunku. Ƙarar ƙarya kuma laifi ce a kan wanda ya kai ta.

Idan kuwa da gaske ya yi ɓarna an kama shi, ku garzaya da katin asibitinsa da magungunansa tun yana caji ofis, ku sanar da mai binciken. A zaman farko lauya ya shaida wa kotu lalurar, ya roƙi a tura shi likita ya duba. Dokokin shari'ar laifuka, ta tarayya ta 2015 da ta Jihar Kaduna ta 2017, sun tanadi yadda za a yi da wanda hankalinsa bai kai ya fahimci tuhuma ba: a dakatar da shari'a, a duba shi, kuma kotu na iya miƙa shi ga dangin da suka ɗauki alkawarin kula da shi. Final Kot ma ba ta ɗora laifi a kan wanda, a lokacin da ya aikata abin, ciwo ya hana shi sanin me yake yi. Tabbatar da hakan aikin likita ne da lauya, ba ya samuwa da rantsuwar dangi kawai.

11. Albashinsa na shiga banki, yana da gona da kason gado. Wa zai riƙe?

Nan ne aka fi samun ɓaraka. Riƙe katin cirar kuɗinsa da lambar sirri ba izini ba ne, ko da niyyar ta alheri ce. Sa shi ya dangwala hannu a takardar sayar da fili yana cikin ciwo kuwa cin amana ne, kuma kotu na iya rushe cinikin. Hanyar da ta dace ita ce a nemi kotu ta naɗa mai kula, ta fayyace iyakar ikonsa. Banki da ofishin fansho takardar kotu suke aiki da ita.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da shimfiɗa wannan a babin hajru, wato hana wanda hankalinsa ya gushe sarrafa dukiyarsa don kada ta salwanta. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta haɗa hanin da umarni: a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a faɗa musu magana mai daɗi. Dukiyar tana nan tasa. Taɓin hankali ba ya hana gado, ba ya rage kaso. Waliyyi amana ya riƙa, zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuɗin magani ya zo farko, kuma ranar da mai ita ya samu lafiya a koma kotu a ɗage hanin a mayar masa. Ga ma'aikaci, a kai rahoton likita wurin aikinsa da wuri a nemi hutun jinya, kafin a rubuta shi cikin masu gudun aiki.

12. Mijina ne ba shi da lafiya. Ina matsayin aurena? Sakin da ya furta ya auku?

'Yar'uwa, ciwo ba ya warware aure da kansa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, amma tantance halin da yake ciki a lokacin furucin aikin alƙali ne, da shaidu da bayanin likita. Kada ki yanke hukunci ke kaɗai, kada kuma ki bari dangi su yanke miki. Idan zaman ya gagara, kina da damar kai kuka kotu, kuma malamai sun ambaci jinkirin shekara guda don neman magani kafin a raba. In akwai duka ko barazana, ki kwashe yara ki koma gida tukuna, tsira da rai ba ta jiran ranar zaman kotu.

Idan matar ce ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana ƙin jaririn ko tana maganganu marasa kai, wannan ciwo ne sananne kuma yana jin magani sosai. A kai ta asibiti ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a biyo ta da takardar saki.

13. Ruƙiya da gidan mari fa? Da yaron da ƙwaya ta lalata?

Addu'a da magani ba sa karo. A yi ruƙiya, a yi sadaka, a kuma sha ƙwayar da likita ya rubuta. Inda aka saɓa shi ne duka, horon yunwa, turu da sasari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wata cibiya a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala, daga baya samamen ya kai Daura da nan Zariya. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Duk wurin da aka ce ba za ku ga ɗanku ba sai bayan wata uku, ko aka ce a jefar da maganin asibiti, ku ɗauke shi.

Mai shan tiramol, kodin, wiwi ko sholisho, in ya rikice, hukuncinsa na tambaya ta 3 da ta 4 ne. Amma shaye-shaye kaɗai, hankali na nan, tilas ba ta cika yin aiki a kansa ba, wanda ya shiga jinya da ƙafarsa ya fi daɗewa bai koma shan ba. Asibitin Barnawa yana da sashen masu shaye-shaye, NDLEA tana ba da shawara, jiha kuma tana da hukumar kula da matsalar shaye-shaye, wadda a da aka fi sani da KADBUSA.

14. Ni aka kai asibiti da ƙarfi, kuma ina ganin don a cinye haƙƙina ne. Ina da abin yi?

Kana da shi. Ka nemi ganin babban likitan da ke kula da kai, ka tambayi dalilin kwantar da kai da ranar da za a sake duba maganar. Ka nemi a kira maka wanda ka amince da shi. Lauya, ɗan'uwa ko aboki na iya shigar da ƙara Babbar Kotu a madadinka, ana kuma iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a ofishinta na Kaduna. Ka yi magana a natse, ka rubuta abin da ya faru da ranakunsa. Ka kuma ba likitan dama ya faɗi abin da ya gani, domin wani ciwon yakan ɓoye kansa ga mai shi.

15. An sallame shi, ya ji sauƙi, ya daina shan magani. Sai mun sake bin duk wannan hanya?

Ba lallai ba, in an yi saurin tarar abin. Ku fara tambayarsa dalili, sau da yawa yana da hujja: maganin na sa shi barci har azahar, wuyansa na sandarewa, yawu na dalala, hannu na rawa, ko jiki ya yi nauyi. Likita na iya rage adadi, canza magani, ko ƙara wanda ke kwance sandarewar. Akwai kuma allurar da ake yi duk bayan makonni, wadda ke raba gida da rigimar haɗiyar ƙwaya kullum. Kada a rage ko a tsayar ba da sanin likita ba, ko da azumi ne ya zo, a je a tsara lokutan sha da shi.

Ku riƙe ranar komawa asibiti, ku kuma san alamominsa na farko, waɗanda a wurin mutane da yawa rashin barci ne na kwana biyu ko uku a jere. Yanzu da yake cikin natsuwa, ku zauna da shi a rubuta wanda yake so ya raka shi in ciwon ya motsa, asibitin da ya fi so, da wanda ya yarda ya riƙe masa kuɗi. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a ajiye kwafi ɗaya a fayil ɗinsa na asibiti.